Ɗan Rahoto a Wayar Mai Gyaran Agogo

Litinin, 1 ga Satumba

Uwata ta zo shago da rana tsaka, ko zama ba ta yi ba ta miƙo hannu in ba ta wayata. 'Yar cikina ce fa, sunan mahaifiyata kawai ta ci, amma ta ɗauka har da ikon aka haɗa mata.

Ta yi ta danne-danne sannan ta dawo min da ita. Wai ta sa min VPN. Na ce shi kuma maganin me ne? Ba ta yi dariya ba, dama tun tana yarinya dariyarta tsada gare ta. Ta ce waifai ɗin ginin nan da muke hawa kyauta a buɗe yake, ba a san su wa ke kai ba, wani zai iya zama a lungu da kwamfuta yana leƙen abin da mutane ke yi. Shi wannan abin zai bi da ni ta wata hanya rufaffiya. Ta nuna min ɗan hoton makulli a saman allon wayar. “In dai kana ganinsa, lafiya lau. A kan asusuna na ɗora ka, ba ruwanka da biya. Don Allah Baba kar ka kashe.”

Na fara buɗe cikin agogo tun ba a san za a haife ta ba, yau ni ake gaya wa abin da zan taɓa da wanda ba zan taɓa ba. Na ce to. Hannun dama yana aljihu har ta fita.

Talata, 2 ga Satumba

Lauya ya kawo agogon mahaifinsa, na hannu, irin na da wanda ba ya cin batir. Ya ce ba wanda zai ba wa sai ni. Da na zo cire murfin baya, ɗan sukurun ya suɓuce daga hantsaki ya faɗi. Na ce iskar fanka ce. Na kashe fankar. Ya sake faɗuwa.

Alhamis, 4 ga Satumba

Tela, maƙwabcin shagona, ya leƙo shan shayi kamar kullum, na nuna masa makullin. Ya juya wayar, ya matse ido, ya tambaye ni wa ke biya. Na ce ita. Ya ce to magana ta ƙare, wanda ke biya ai shi ke gani. Wai duk abin da na danna sai ya biya ta wajenta kafin ya wuce.

Tela ba wani masani ba ne, mutumin da har yau jikarsa ke ajiye masa lambobi a waya. Amma maganar ta tsaya min a rai. Ita da bakinta ta ce zai bi da ni ta wata hanya. Hanyar wa, in ba tata ba?

Tambayarta kuwa ba za ta yiwu ba. Ina cewa “kina ganin abin da nake yi?” za ta ce Baba me kake ɓoyewa. Na san halin kayana.

Bari in rubuta a nan, tunda ba mai karantawa sai ni. Hannun dama yana rawa. Ya daɗe da farawa, amma kwanan nan abin ya ƙi ɓoyuwa. In na ajiye shi a cinya sai babban yatsa ya kama motsi shi kaɗai. Tun rasuwar mahaifiyarta Uwata take so in rufe shagon nan in koma gidanta. Akwai ɗaki kusa da kicin, har fenti an yi masa. Hujja kawai take jira. Ranar da ta san hannun mai gyaran agogo na rawa, ranar za a sa wa shagon nan kwaɗo, a zaunar da ni gaban talabijin ana tambayata ko na sha magani. Ba da ni ba.

Na raɗa wa abin suna: Ɗan Rahoto.

Asabar, 6 ga Satumba

Batir, batir, maɗauri, batir. Aikin yara. Agogon Lauya yana cikin durowa, ban taɓa shi ba.

Litinin, 8 ga Satumba

Na ce wa Tela zan je sayo kayan aiki, na hau bas na tafi asibiti.

Likitan ya sa na yi ta buɗe yatsu ina rufewa, na yi tafiya zuwa ƙofa na dawo, na zana da'ira a takarda. Da'irar ta fito kamar an taka ta. Ni da nake ɗora hannun sakan a kan tsinin da ido bai cika gani ba. Suka ɗebi jini, suka tura ni ɗaukar hoton kai. Ya ce za su turo sakamako ta imel, in karanta sannan in dawo mu zauna.

Ya tambaye ni wa ya rako ni. Na ce ƙafafuna. Ya ɗago ya dube ni, ya ce lokaci na gaba in zo da wani daga gida. Na ce in Allah ya so. Ni dai ban so ba.

Laraba, 10 ga Satumba

Na gano inda ake kashe Ɗan Rahoto. Ashe maɓalli ɗaya ne, ba wani abin a zo a gani ba.

Shagon nan a can cikin ginin yake, ƙarƙashin matakala, sabis ba ya shigowa sai mutum ya fita bakin titi. Dole waifai ɗin ginin nake hawa, har kira ma ta kansa yake shigo min. To ga tsarina yanzu. In zan duba labarin ƙwallo, ko farashin batir, ko yanayin gari, sai in bar makullin a kunne, ta gani ta ƙoshi. Har da gangan nake daɗewa a kan ƙwallon don rahoton ya yi kauri. In kuwa zan bincika maganar hannu, ko in leƙa imel ko asibiti sun turo, sai in kashe shi tukuna. In na gama in mayar.

Na ji daɗin kaina yau. Yarinya ta yi digiri a kwamfuta, tsoho ya zagaye ta yana zaune a kan kujera.

Abin da na karanta game da rawar hannu kuwa bai yi min daɗi ba. Na rufe.

Juma'a, 12 ga Satumba

Ka ji ko! Da safe na tura mata hoton allon wayata ta duba min wani saƙo na masu wutar lantarki da ban gane kansa ba. Ba a jima ba ta kira. Bayan ta yi min bayanin saƙon sai ta ce, “Baba, ka kashe VPN ɗin ko?”

Na ce wace irin magana ce wannan. Ta ce in dai mayar. Na ce ƙila shi ya kashe kansa, kayan zamani ai ba su da amana.

Tana can ofishinta, ni ina ƙarƙashin matakala, ta san na kashe. Sai wani ya zo ya ce min ba ta gani. Na gaya wa Tela, ya ce ai ya faɗa min, ya zuba wa kansa shayi na biyu a kan nasarar.

Lahadi, 14 ga Satumba

Cin abincin rana a gidanta. Da hagu na riƙe kofi, da hagu na ɗauki cokali. Surukina ya ce Baba yau bahago ka koma? Na ce kafaɗa ce, na kwana a kanta. Uwata ta dube ni ta dubi farantinta.

Bayan an gama ya ja ni wai in ga sabon labulen da suka sa a ɗakin. Na ce ya yi kyau, Allah ya kawo baƙon da zai kwana a ciki. Mutumin kirki ne, ba ruwansa, aiko shi aka yi.

Na dawo gida da wuri. Gidan shiru, amma shirun nawa ne.

Talata, 16 ga Satumba

Tun safe waifai ɗin ginin yake jan ƙafa, shafi ɗaya sai ka sha shayi ka wanke kofi bai buɗe ba. Da na duba sai ga wani sabo ya fito, sunansu ɗaya da na ginin, an ƙara masa lamba biyu a ƙarshe, ƙarfinsa a cike. Na ce madalla, masu ginin sun tuna da mu na ƙasa.

Na hau. Wani shafi ya so ya buɗe, Ɗan Rahoto ya tare shi, allon ya yi fari fat. Na ce kai dai ba ka da aiki sai hana ruwa gudu, dama kashe ka zan yi. Ina kashewa shafin ya buɗe, da hoton ginin da komai. Wai in sa adireshin imel da lambar sirrinsa don a tabbatar ni ɗan haya ne. Na sa. Da ƙyar ma, yatsan yana ta danna harafin kusa.

Gudu kamar me. Na shiga imel, ga saƙon asibiti.

Sunan ciwon doguwar kalma ce, ba zan ɓata tawada a kanta ba. Ma'anar dai rawar ba za ta tafi ba. Ana iya rage mata sauri da magani, shi ke nan. A ƙasa likitan ya ƙara da cewa aikin da ke son natsuwar yatsu zai riƙa yi min wuya a hankali.

Na karanta har ƙarshe, na mayar da makullin, na duba sakamakon ƙwallo don kar ta ga shiru.

Tsoro na ji. Na rubuta, na kuma rufe maganar.

Laraba, 17 ga Satumba

Na gyara agogon bango biyu kafin azahar. Ciwon ya zo ya gani.

Juma'a, 19 ga Satumba

Na koma wajen likita, ni kaɗai. Ya rubuta magani, ya sake maganar a zo da wani. Na ce 'yata tana da aiki da yawa. Ya ce yawancin 'ya'ya sun fi son a dame su. Na ce bai san tawa ba.

Maganin yana cikin gwangwanin tsofaffin sukurori. Ba mai buɗe shi sai ni.

Litinin, 22 ga Satumba

Ban san ta inda zan fara ba.

Ina buɗe shago ƙanena ya kira daga garin da yake aiki. “Yaya, me ya sa ba ka gaya min ba? Ni ne zan ji a imel?” Na ce ka ji me? Ya ce saƙon da na turo. Na ce ban tura wa kowa komai ba. Ya karanta min.

Da sunana. Wai ina cikin mawuyacin hali, ciwo ya kama ni, ina jin kunyar faɗa baki da baki, duk mai iya taimakawa ya tura ta wani asusu, kuma kar a kira ni don ba na iya riƙe waya. A ƙasa an liƙa takardar asibitin. Tawa, ta gaske, da sunana da shekaruna da maganar yatsu da komai.

Na ce kar ka tura ko sisi, ba ni ba ne. Ya ce to takardar fa, ita ma ƙarya ce? Na ce sabis ba kyau, na kashe.

Na gwada shiga imel ɗin, ya ce lambar sirrin ba daidai ba ce. Na duba waifai mai lamba biyu, babu shi babu alamarsa.

Duk wanda na taɓa yi wa saƙo ya samu. Masu sayar min da kaya, mutanen ofisoshin sama da ke kawo gyara, ƙawayen marigayiya matata, Lauya. Waya ta yi ta ƙara har na kife ta a durowa. Shekara da shekaru ban taɓa roƙon kowa ko allura ba, yau an yi bara da sunana gida gida.

Ita ma tana cikin waɗanda nake wa saƙo. Kowa ya kira, ban da ita.

Talata, 23 ga Satumba

Lauya ya zo da kansa. Ya gaishe ni da ladabi fiye da kullum, ya yi min sannu, ya ce ya gane ba ni na rubuta ba, mutum irina ba zai yi haka ba. Sannan ya yi ta kewaye-kewaye, wai ɗan'uwansa yana son ganin agogon mahaifin nasu, ko zan ba shi tukuna, daga baya ya dawo da shi.

Na ciro na ba shi. Da hannun dama na miƙa, da gangan, ya gani da kyau. Ya kawar da kai.

Ba zai dawo da shi ba. Da ni ne shi ma ba zan dawo da shi ba, wannan ne ya fi ci min rai.

Tela bai leƙo shan shayi ba. Ina jin kekensa ta bango har yamma.

Har yanzu ba ta kira ba. Ni ma ba zan kira ba. Me na yi? Ni aka yi wa sata.

Laraba, 24 ga Satumba

Ta zo. Da kwamfutarta a jaka, ba ta je aiki ba. Ta gaishe ni kamar kullum, ta zauna a bencin masu jira ta ce in kawo wayar. Ba ta hau waifai ɗin ginin ba sai da ta kunna nata makullin, ina kallo.

Ta daɗe tana fama. Ta fita bakin titi karɓar wata lamba da aka turo ta saƙon waya, ta dawo, ta tambaye ni abubuwa, ta sake fita. Daga ƙarshe ta ƙwato imel ɗin, ta canja lambar sirri, ta rubuta wa kowa cewa ɓarawo ne, kar a tura komai. Ban ga ta ce takardar ƙarya ce ba. Ban kuma ce ta faɗa ba.

Na ba ta labarin mai lamba biyu. Ta ce ba na ginin ba ne, wani ne ya zo ya zauna kusa da na'urarsa ya ari sunan, ya kwashi abin da zai kwasa ya tafi. Ta ce babu waifai na gaskiya da zai nemi lambar sirrin imel ɗin mutum. Shi kansa VPN ɗin ba ya hana mutum miƙa makullin gidansa da hannunsa, amma ai ya tare shafin, ni na ɗauke shi daga hanya.

“Me ya sa ka kashe, Baba?”

Na ce don ba na son a riƙa bibiyata kamar ɗan firamare.

Ta ɗago. “Wa ke bibiyarka?”

Na ce ke mana. Ranar Juma'ar nan ina kashewa kika sani.

Ta ce, “Hoton allonka ka turo min ranar. Na duba sama ban ga makullin ba. Iyakar abin da na gani ke nan.” Ta ce ita biya kawai take yi, ko shafi ɗaya da na buɗe ba ta iya gani, ba a yi abin don haka ba. Ta juyo min da kwamfutar in duba asusun da kaina. Ba komai a ciki sai ranar sabunta biya.

Na tuna ƙwallon da na yi ta karanta mata. Ba ni ma son ƙwallo.

Ta rufe kwamfutar ta ɗora hannu a kai. Ta ce, “Ba imel ɗin ne ya dame ni ba. Ina ofis, cikin mutane, na buɗe takardar likitanka. Ɓarawo ne ya turo min. Ya riga ni sanin ciwon ubana.”

Na ce jikina ne, ciwona ne, shagona ne.

Ta ce haka ne.

Na shirya faɗa tun shekaranjiya, na tanadi amsar kowace magana, ita kuma ta ce haka ne. Ta ɗauki jakarta, ta ce in ci abinci, ta tafi. Ba ta ambaci ɗakin ba ko sau ɗaya.

Alhamis, 25 ga Satumba

Dabara ce. Shiru take yi min don in sassauta, sannan a zo da mota a kwashe ni. Na sayi sabon kwaɗo na ƙara a ƙofar shago, makullinsa ɗaya ne kuma yana wuyana.

Asabar, 27 ga Satumba

Tela ya dawo shan shayi, yana ta sosa ƙeya. Ashe shi ma ya hau mai lamba biyun. Abin da ya cece shi, ya manta lambar sirrinsa, ta ƙarya ya yi ta sa musu har ya gaji. Na ce ka ga amfanin rashin kai. Ya ce shi dama bai ce lallai tana gani ba, cewa ya yi mai yiwuwa. Na ce Tela ka ji tsoron Allah.

Muka yi dariya, sannan ya dubi hannun ya ce tun yaushe. Na ce ba ruwanka. Ya ce shi tun bara ya lura, ganin ban faɗa ba ya yi shiru. Tun bara. Ni ina nan ina ta wahalar aljihu.

Mai kula da ginin ya bi shago shago yana cewa waifai ɗinsu ɗaya ne tak, kowa ya kula. Sai yanzu.

Talata, 30 ga Satumba

Masu zuwa gaisuwa sun fi masu kawo gyara. Kowa ya shigo sai ya sassauta murya, “ya jiki, Baba?” Jiki yana nan inda kuka bar shi. Wata ma har da kawo min 'ya'yan itace a leda kamar ina kwance. Na karɓa don kar in yi rashin kunya, na ba Tela.

Uwata tana kira kullum da yamma. Ka ci abinci, ya kasuwa, sai da safe. Ko kalmar magani ba ta furtawa. Wannan shirun nata ya fi faɗa gajiyar da mutum.

Makullin yana kunne. Ba don ita ba, don ɓarayi.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Wata malama daga ofisoshin sama, wadda da alama saƙon bai kai gare ta ba, ta kawo ɗan ƙaramin agogon hannu, hannun minti ya goce. Aikin da a da nake yi ina hira. Na karɓa, na ce ta dawo da yamma.

Na jira sai da maganin ya zauna, na rufe ƙofa, na sa gilashi a ido. Na kama hannun da hantsaki lafiya lau. Ina kai shi kan tsinin yatsan ya yi nasa ikon. Ya karye biyu.

Na samo wani a cikin tsofaffin kaya, kusan irinsa, na yi ta fama har ya zauna. Ta zo ta karɓa tana godiya, ba ta lura ba. Ba kuma za ta taɓa lura ba.

Ni na lura.

Asabar, 4 ga Oktoba

Ban buɗe da wuri ba. Ba wani dalili.

Litinin, 6 ga Oktoba

Ranar komawa asibiti. Ban gaya wa kowa ba, amma ranar tana rubuce a takardar da duniya ta karanta. Ina fitowa daga gida ga motarta a ƙofa. Na ce bas zan hau. Ta ce to, ita ma can ta nufa. Hadari ya haɗu, ga takalmina sabo, shi ya sa na shiga.

Da aka kira ni ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da jakarta. Likita ya ce ta shigo ko ta jira? Ni ya tambaya, ita ma ni take kallo. Na ce ta shigo, ai ba wurin zama a waje. Benci biyu ne a wajen, ba kowa a kai.

Ya yi bayaninsa, ya ƙara maganin kaɗan. Ya zo kan maganar aiki, na gyara zama, na ce yau za a yanke min hukunci, ga alƙali ga mai ƙara. Sai ta ciro biro ta ce, “Likita, bayan ya sha maganin, wane lokaci ne hannun ya fi natsuwa? Da safe yake buɗe shago, ina so mu daidaita shan da lokacin aikinsa.” Ya faɗa, ta rubuta. Ta tambaya ko akwai abin da ake ɗora gwiwar hannu a kai a teburin aiki don rage rawar. Ya ce akwai. Ta rubuta wannan ma.

Na sunkuya ina gyara igiyar takalmina, ko da yake ba ta kwance ba.

A hanya ba ta tambaye ni ina za a kai ni ba, shago ta nufa. Ta shigo ta zauna a benci wai sai ruwan ya tsagaita. Kafin mu shigo kuwa, ina cire kwaɗo na biyu ta kalle shi ta kalle ni.

Muna zaune wani mutum ya shigo da agogon hannu, siriri, irin masu ƙananan kayan ciki. Ya ce an ce masa nan ne wajen gwani. Na karɓa na juya shi, na saurare shi a kunne, na san abin da ke damunsa tun kafin in buɗe. Na mayar masa. Na ce hannuna yana rawa yanzu, ya kai wa na bakin tasha ya ce ni na aiko shi, sifirin ne ya saki. In yana da na bango ya kawo, wannan har gobe ba wanda ya fi ni.

Da bakina na faɗa, tana zaune tana ji. Ta sunkuyar da kai tana neman wani abu a jaka, ta daɗe ba ta same shi ba.

Ba wai na sallama ba ne. Agogon dama ba wani na kirki ba ne.